Hasken Rontgen da Dalmar Zamfara

A daren Juma'a, 8 ga Nuwamban 1895, lokacin Sarkin Musulmi Abdurrahman yana kan gadon Sakkwato, Turawa kuma ba su ci ƙasar Hausa ba tukuna, wani malamin jami'a ɗan shekara 50 yana shi kaɗai a ɗakin gwajinsa a garin Wurzburg na ƙasar Jamus. Sunansa Wilhelm Conrad Rontgen. A gabansa akwai kwalbar gilashi da aka zuƙe iskar cikinta, aka dasa mata ƙarfe biyu da lantarki zai bi. Ya naɗe ta ruf da baƙin kwali yadda ko ɗigon haske ba zai tsira ba, ya duhunta ɗakin, ya saki wuta. Kwalin ya rufe da kyau. Amma can gefe, nesa kaɗan da kwalbar, sai ya hangi wani abu yana ƙyalli. Da ya duba, ashe wata takarda ce da aka shafa wa sinadarin da ke walƙiya idan wani irin haske ya taɓa shi. Ya kashe wuta, ƙyallin ya ɗauke. Ya mayar, ya dawo.

Daga wannan dare aka samo hoton ƙashi da hoton ƙirji da likita ke tura mutum ya ɗauko. Daga nan ne kuma asalin na'urar da ta auna ƙasar gidajen ƙauyukan Dareta da 'Yargalma na Zamfara a 2010, ta nuna wa iyaye inda gubar da ke kashe 'ya'yansu take kwance. Saboda wannan na biyun nake ganin mutanen Anka da Bukkuyum da Gummi sun fi kowa cancantar sanin tarihin mutumin nan.

Kwalbar ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Shekara 40 ke nan masana suna fama da ita. Wani gwanin hura gilashi a birnin Bonn, Heinrich Geissler, shi ya share fage a 1855, da ya ƙera famfo mai aiki da zaiba, wanda ke zuƙe iska daga kwalba fiye da duk na zamaninsa. Idan aka saki lantarki a cikin irin wannan kwalba, ragowar iskar sai ta kama haske, ja ko shuɗi, gwargwadon irinta. Idan aka ƙara zuƙewa sai hasken ya dushe, gilashin kansa ya fara ƙyallin kore. A 1858 Julius Plucker ya kusantar da maganaɗisu, ya ga ƙyallin yana gusawa. A 1869 almajirinsa Johann Hittorf ya tare tsakiyar kwalbar da wani ɗan abu, abin ya yi inuwa a jikin gilashi. Nan aka gane lallai akwai abin da ke fitowa daga ɗayan ƙarfen yana tafiya a miƙe.

Wanda ya raɗa masa suna hasken katod a 1876 shi ne Eugen Goldstein, Bayahude ɗan Jamus, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa a kan kwalaben nan. Bayan shekara goma ya huda ƙarfen, ya ga wani hasken dabam yana bi ta hudojin yana komawa baya. Goldstein bai samu kyautar Nobel ba, kuma sunansa bai yi tashe ba. Ya mutu a 1930, matarsa kuwa a sansanin 'yan Nazi na Theresienstadt ta mutu a 1943. Na ambace shi ne domin a san cewa ɗan kwali ɗaya da Rontgen ya naɗa, a kan gumin mutane da yawa ya naɗa shi.

Gardama ta yi tsawo a kan mene ne wannan haske. Masanan Ingila, irin su William Crookes, suka ce ƙwayoyi ne ƙanana masu gudu. Yawancin na Jamus suka ce dangin hasken rana ne. Ana cikin haka Philipp Lenard ya yi wa kwalbar 'yar taga da siririn gorar ruwa, hasken ya fito waje, amma bai wuce 'yan santimita ba iska ta cinye shi. Wannan shi ne abin da Rontgen ya sani a daren Juma'ar nan. Kwalbarsa ba ta da taga, tana kuma cikin kwali, takardar ga ta nesa. To, abin da ya sa ta ƙyalli ba zai zama hasken katod ba. Wani abu ne da babu shi a littafi.

Ba shi ne farkon wanda abin ya gifta wa ba. Tun 1890 Arthur Goodspeed a birnin Philadelphia na Amurka ya ga wasu baƙin inuwoyi a farantin hoto bayan ya yi gwaji da irin wannan kwalba, ya ajiye farantin bai bi ba'asi ba. Rontgen ya bi ba'asi. Halinsa ne, kuma wanda ya san yadda ya taso ba zai yi mamaki ba.

An haife shi ran 27 ga Maris 1845 a Lennep, ɗa tilo ga wani ɗan kasuwar yadi. Yana shekara uku iyayensa suka koma Apeldoorn ta ƙasar Holan, wajen dangin uwarsa. A makarantar fasaha ta Utrecht aka sallame shi ba takardar kammalawa. Labarin da ake bayarwa shi ne wani ɗan ajinsu ya zana hoton ba'a na malami, aka tsare Rontgen ya faɗi mai zanen, ya ƙi. Rashin takardar nan ya toshe masa ƙofar jami'a a Holan, sai ya nufi Zurich ta ƙasar Suwizalan a 1865, inda makarantar kimiyya da fasaha ta karɓe shi. Ya fito injiniya a 1868, ya samu digirin dakta a 1869. A can ya haɗu da mutum biyu da suka tsara masa rayuwa. Ɗaya malaminsa August Kundt, wanda ya ja shi zuwa fiziks ya tafi da shi Wurzburg, daga nan Strasbourg. Ɗayar Anna Bertha Ludwig, 'yar mai gidan abincin da ɗalibai ke taruwa, wadda ya aura a 1872. Allah bai ba su haihuwa ba, sai suka ɗauki 'yar ɗan'uwan Bertha suka riƙa.

Shekara ashirin da wani abu ya yi yana aikin da ba ya shiga jarida: zafin iska, halin duwatsu masu ƙyalli, yadda ruwa ke matsuwa idan an danne shi. Daga Hohenheim zuwa Strasbourg, daga Giessen a 1879 zuwa Wurzburg a 1888. Abokan aikinsa sun san shi da rashin son magana da tsananin kula wajen awo. Yakan ƙera kayan gwajinsa da hannunsa, ba ya kuma fitar da sakamako sai ya maimaita har ya gaji. A 1894 aka zaɓe shi shugaban jami'ar. Da ya mutu a shekarar, da an tuna da shi a matsayin malami nagari, shi ke nan.

Bayan daren nan ya yi mako bakwai bai faɗa wa kowa ba. A ɗakin gwajin yake ci, a nan yake kwana. Ya riƙa sa abubuwa tsakanin kwalba da takarda yana duban wanda zai tare. Littafi mai shafi dubu bai tare ba. Katin karta bandir biyu bai tare ba. Katako mai kaurin santimita biyu zuwa uku, hasken ya ratsa shi. Gorar ruwa mai kaurin milimita 15 ta rage masa ƙarfi amma ba ta kashe shi ba. Dalma kuwa ta tsaya masa ƙyam. Farantinta mai kaurin milimita ɗaya da rabi ya isa ya ɗauke ƙyallin. Yana cikin riƙe wani guntun dalma a gaban kwalbar ne ya ga inuwar yatsunsa a takarda, naman ya yi dishi-dishi, ƙasusuwan sun fito baƙi.

Ran 22 ga Disamba ya kira matarsa, ya ɗora hannunta a kan farantin hoto. Da aka wanke, ga ƙasusuwan yatsu, ga zobenta yana rataye a jikin ƙashi. Ran 28 ga wata ya miƙa wa ƙungiyar masana fiziks da likitanci ta Wurzburg takarda mai shafi goma. Da yake bai san ko mene ne hasken ba, sai ya sa masa harafin X, wanda masu lissafi ke sa wa abin da ba a gano ba. Ranar farko ta 1896 ya aika wa abokansa kwafe da hotuna ta gidan waya. Ran 5 ga Janairu wata jaridar Biyana ta buga labarin a shafin farko, kan ka ce kwabo ya isa Landan da New York. Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya kira shi fada ya gani da idonsa. Ran 23 ga Janairu ya yi jawabi a Wurzburg, ya ɗauki hoton hannun dattijon masanin halittar jiki Albert von Kolliker a gaban jama'a, dattijon ya miƙe ya ce a kira hasken da sunan mai gano shi. Har yau da sunansa Jamusawa ke kiransa.

A 1896 kaɗai an rubuta takardun bincike sama da 1,000 a kan hasken. Dalilin wannan sauri a fili yake. Kusan kowane ɗakin gwaji na Turai da Amurka yana da kwalbar, Rontgen kuma bai ɓoye komai ba, bai kuma yi rajistar mallaka ba. Kamfanin lantarki na AEG ya tuntuɓe shi a kan a yi ciniki, ya ƙi, yana mai cewa abin da malamin jami'a ya gano na jama'a ne. An ba shi lambar da za ta ba shi damar ƙara alamar sarauta a sunansa, ya karɓi lambar ya bar alamar. A 1901 ya zama mutum na farko da aka ba kyautar Nobel ta fiziks. Ya je Stockholm ya karɓa, bai tsaya yin laccar da aka saba ba, kuɗin kuma ya bar wa jami'ar Wurzburg. Wannan hali nasa yana burge ni ƙwarai. Da ya ɗaure abin da takardar mallaka, da kowane asibiti sai ya biya kafin ya ga karaya, kuma talakan duniya shi zai fi daɗewa a layi.

A yaƙe-yaƙen Afirka ma an yi amfani da hasken. Bayan Habasha ta karya sojan Italiya a Adwa a watan Maris na 1896, an yi amfani da shi a asibitin soja na Naples wajen neman harsashi a jikin waɗanda aka kwaso. A 1898, lokacin da sojan Ingila suka yaƙi mabiya Mahadi a Omdurman, wani likitan soja, Manjo Battersby, ya kafa na'urar a Abadiya a bakin kogin Nil, ana taka keke domin a samar mata da lantarki. Sojan mamaya aka kawo wa ita, ba mutanen ƙasar da aka karkashe ba.

Ba a daɗe ba kuma aka gane hasken yana ƙuna. Gashi ya riƙa zubewa, hannuwa suka riƙa yin gyambon da ba ya warkewa. Clarence Dally, ma'aikacin Thomas Edison, wanda ya sha gwada na'urar a hannunsa, an yanke masa hannu biyu kafin ya mutu a 1904. A 1936 aka kafa dutsen tunawa a Hamburg da sunayen likitoci da ma'aikata 169 da aikin ya kashe. Garkuwar da aka samu ita ce dalmar nan dai. Shi ya sa har gobe mai ɗaukar hoton ƙashi yake rataya riga mai nauyi, ko ya laɓe a bayan bango kafin ya danna.

Shi Rontgen takarda uku kawai ya rubuta a kan hasken, ta ƙarshe a 1897, ya koma kan duwatsunsa. Shahara ta dame shi. Lenard ya ƙullace shi har mutuwa, yana ganin da kwalbarsa aka yi aikin aka hana shi suna, ko da yake shi ma ya samu Nobel a 1905, daga baya ya zama babban ɗan goyon bayan Hitler. A 1900 Rontgen ya koma jami'ar Munich. Da yaƙin duniya ya ɓarke a 1914, ya sa hannu a takardar da masana 93 suka fitar suna wanke sojan Jamus daga ta'asar da suka yi a Beljiyam. Wannan tabo ne a tarihinsa, shi ma ya yi nadama daga baya. Bertha ta mutu a 1919 bayan doguwar jinya. Kuɗin Jamus ya karye, ajiyarsa da kuɗin Nobel da ya bari suka zama takardar banza. Ya mutu da ciwon dajin hanji ran 10 ga Fabrairun 1923, aka binne shi a Giessen kusa da matarsa da iyayensa. Ya bar wasiyya a ƙone yawancin takardunsa, aka ƙone.

Tun yana raye wasu suka ɗora daga inda ya tsaya. J. J. Thomson ya raba gardamar hasken katod a 1897, ya tabbatar ƙwayoyi ne, waɗanda yanzu ake kira ilektiron. Idan suka yi karo da gilashi ko ƙarfe da gudu, sai su haifar da hasken Rontgen. A 1912 Max von Laue, a Munich ɗin nan, ya nuna cewa hasken dangin hasken rana ne, sai dai zangonsa gajere ne ƙwarai. Amma abin da ya shafe mu daga Ingila ya fito. Charles Barkla ya lura cewa idan aka haska ƙarfe da wannan haske, ƙarfen yakan mayar da martani da nasa hasken, kuma na kowane ƙarfe dabam yake. A 1913 wani saurayi, Henry Moseley, ya auna martanin ƙarafa ɗaya bayan ɗaya ya gano ƙa'idar da ke jera su. An harbe shi a yaƙin Gallipoli a 1915 yana ɗan shekara 27. Kamar yadda maƙeri ke ƙwanƙwasa ƙarfe ya gane shi da amonsa, haka aikin mutanen nan biyu ya sa ake iya haska dutse ko ƙasa a san abin da ke ciki ba tare da an narka ba. Da farko na'urar takan cika ɗaki. Kafin ƙarshen ƙarnin an mayar da ita abin riƙewa a hannu ɗaya, daga baya aka sa mata 'yar kwalbarta a ciki.

Zinariya tsohuwar sana'a ce a ƙasar Zamfara, amma abin ya canza da farashinta ya tashi. Oza ɗaya da ake sayarwa ƙasa da dala 300 a 2001 ta haura dala 1,200 a 2010. Manomi da noman damina ba ya kai shi shekara ya ga hanya, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Aka shiga haƙa, aka riƙa kwaso dutse a buhuna zuwa cikin gari. Maza suna fasawa da guduma, mata suna dakawa a turmi a tsakar gida, injin niƙan da aka saba kai wa dawa da masara ya koma niƙa dutse. A wanke garin, a shanya, a haɗa da zaiba a kama zinariyar. Abin da ba a sani ba shi ne jijiyar dutsen da aka faɗa wa a wannan karon cike take da dalma. Ƙurar ta kwanta a ɗaka, a gindin murhu, a kan tabarma, a hatsin da aka shanya, a bakin rijiya. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Hanjin ƙaramin yaro yana tsotsar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, kuma ƙwaƙwalwarsa ba ta gama ƙosawa ba.

Agwagi ne suka fara mutuwa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Sai yara suka fara amai da ciwon ciki, daga nan jijjiga, daga nan a kai su makwanci. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa, wato MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka samu labarin. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba da na sanƙarau, ba abin da ya sauya. Sai da aka aika jinin wasu yara wani ɗakin gwaji a Turai sannan aka ji sunan cutar.

A watan Mayu ma'aikatan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tare da jami'an lafiya na tarayya da na jiha, suka bi Dareta ta ƙaramar hukumar Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum gida-gida. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. An gwada jinin 204 daga cikin masu rai, duka suna da gubar, kuma 198 sun kai matakin da sai an ba su maganin fitar da ita. Na'urar gwajin jinin da aka zo da ita tana tsayawa ne a ma'auni 65, jinin yara da yawa ya wuce inda take iya karantawa.

Jini ya nuna gubar tana jikin yaro. Bai nuna inda take a gidan ba, kuma ƙasa mai dalma da marar dalma kamarsu ɗaya a ido. A nan ne jikar kwalbar Rontgen ta shigo. Ma'aikatan kamfanin TerraGraphics na jihar Idaho da na cibiyar Blacksmith sun zo da na'urar da ake kira XRF, mai siffar ƙaramar bindiga. Mutum zai durƙusa ya kafa bakinta a ƙasa ya danna. 'Yar kwalbar ciki ta saki haske, dalmar da ke cikin ƙasar ta mayar da nata, cikin kamar minti guda lamba ta fito a allo. Ma'aunin da Amurka ke aiki da shi a lokacin ga wurin wasan yara shi ne kashi 400 cikin miliyan. Gidaje 85 cikin ɗari a ƙauyukan biyu sun wuce shi. A wasu wuraren da aka yi niƙa, lambar ta haura 100,000, wato kashi ɗaya cikin goma na ƙasar dalma ce zalla.

Da za a ce sai an ɗebi ƙasar kowane lungu an aika ƙasar waje an jira sakamako, da damina ta zo ta wuce ba a gama ƙauye ɗaya ba. Da na'urar, a yini guda ana iya bin gida lungu-lungu, daga zaure zuwa ɗakin uwargida zuwa madafa, a zana taswirarsa, a san inda za a kankare. Mutanen gari aka ɗauka aikin, da fartanya da shebur da buhu. A fitar da kayan ɗaki, a share, a kankare saman ƙasar, a sake aunawa. Idan lambar ba ta sauka ba a ƙara kankarewa. Ƙasar da za a zubo a maye gurbi ita ma sai an auna ta a inda za a ɗebo. Gurɓatacciyar kuma a kai ta ramin da aka tanada a binne. An yi haka a Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, sannan Abare, Tungar Guru, Sunke, Tungar Daji da Duza zuwa farkon 2011. A asibitocin Anka da Bukkuyum kuma MSF tana ba yara maganin da ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari.

Likitocin sun kafe a kan sharaɗi guda, kuma suna da gaskiya: ba amfanin wanke jinin yaro a mayar da shi gidan da ba a share ba. Wannan sharaɗi shi ya sa jinkirin Bagega ya zama abin takaici. Garin ya fi sauran girma, yara kusan 1,500 suna jira, an auna shi an san halin da yake ciki. Na'ura tana nan, masu aiki suna nan, kuɗi ne babu. A watan Mayun 2012 aka yi taro a Abuja, maganar naira miliyan 850 da gwamnatin tarayya ta yi alkawari tana ta yawo a takarda. Sai da Human Rights Watch da matasan Follow The Money, irin su Hamzat Lawal, suka tayar da ƙura a intanet da kiran a ceci Bagega, sannan gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta saki kuɗin a farkon 2013. Yaran da suka yi wannan jira, dalmar da ta taɓa ƙwaƙwalwarsu ba ta gyaruwa. Magani yana tsayar da ɓarna, ba ya mayar da abin da ya tafi.

A ƙauyuka takwas ɗin an kwashe ƙasa da tarkacen dutse mai yawan kubik mita 27,000, daga gidaje da wuraren niƙa 820. Dalmar ƙasar ta ragu da kashi 89 cikin ɗari. Matsakaicin abin da ake samu a jinin yara kafin a fara musu magani ya sauko daga 149 zuwa 15 cikin shekara huɗu. Yaran da aka rasa sun haura 400. A 2015 irin wannan masifa ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu, aka kuma yi amfani da darasin Zamfara a can.

A farkon 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jihar Zamfara, bayan ta gwada yara 8,480. Kafin nan matsalar 'yan bindiga ta riga ta sa shiga ƙauyuka da yawa ya zama sai da shiri. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a watan Afrilun 2019, ta kuma ɗage hanin a Disambar 2024. Dalma ba ta ruɓewa, kuma gidan da aka share yana iya sake gurɓata da buhu ɗaya na dutse ko da rigar mai haƙa da aka kakkaɓe a tsakar gida. Waɗanda suka yi aikin share ƙauyukan nan sun koyar da 'yan jiha riƙon na'urar da karanta ta. Abin da nake roƙon gwamnatin jiha da sarakunanmu shi ne a samar da ita a Anka, a samar a Bukkuyum, a samar a Gummi, a ɗauki waɗanda aka koyar ɗin aiki na dindindin, har da mata masu iya shiga cikin gida, su riƙa zagaya garuruwan da ake niƙa dutse kowace shekara da zarar damina ta ɗauke, su kai wa mai gari da asibiti lambar da suka samu.